John McAdam: Ɗan Kasuwar da Taɓo Ya Ishe Shi, Ya Koya wa Duniya Gina Hanya

 Kamar yadda muka saba, a wannan fitowa mukan ware shafi mu tuna da wani mutum da ya daɗe da barin duniya amma aikinsa yana taɓa sana'armu. Bana, da muka zauna a ofis muna duba littafin koke-koken mambobi, sai muka ga kuka ɗaya ya fi kowane yawa, wato kukan hanya. Wannan motarsa ta kafe a taɓo da lodin albasa har ta fara ruɓa. Wancan rami ya karya masa sifirin. Wani ya kwana uku a bakin kwalbatin da ruwa ya cinye, tumakinsa suna ramewa a cikin mota. Shi ya sa muka zaɓi tarihin John Loudon McAdam, mutumin da duk wanda ya hau kwalta yake cin gajiyarsa, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

Yaron kanti a Niyok

An haifi McAdam a watan Satumba na 1756 a garin Ayr da ke yammacin Sikotilan, a arewacin Birtaniya. Shi ne autan 'ya'ya goma. Ƙasarsu ƙasar tuddai ce da ruwan sama kusan kowane lokaci, kuma ana ba da labarin cewa tun yana ɗan makaranta a garin Maybole ya taɓa tsara wata 'yar hanya ta wasa da duwatsu. Mahaifinsa ya rasu a 1770. Yaro yana da shekara 14 aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Niyok, wurin baffansa William McAdam, wanda babban ɗan kasuwa ne a can.

A ofishin baffan nasa ya fara, yana aikin akawu: rubuta abin da ya shigo, rubuta abin da ya fita, lissafin bashi da riba. Bai je makarantar injiniyoyi ba, ba a lokacin ba, ba kuma daga baya ba. Abin da ya koya shi ne abin da yaranmu suke koya a shagunan Maraɗi da Kantin Kwari, wato kada ka yarda da kuɗin da ba ka ga inda aka rubuta shi ba. Wannan tarbiyya ce ta bi shi har tsufa.

Yana Niyok yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775. McAdam ya tsaya a ɓangaren Birtaniya, ya kuma samu dukiya a matsayin dillalin jiragen ruwa da kayan da aka kama a yaƙi. A 1778 ya auri Gloriana Nicoll, 'yar wani babban gida a yankin. Da yaƙi ya ƙare a 1783 Birtaniya ta sha kaye, garin da yake kasuwanci a cikinsa ya wayi gari a wata ƙasa dabam, shi kuma ya rasa wani kaso na abin da ya tara. Mu da muka ga rufe iyaka a 2019 da 2023 mun san yadda siyasa take juya wa ɗan kasuwa lissafi a dare ɗaya. Ya tattara iyalinsa da abin da ya rage, ya koma gida, ya sayi gida da gona a wani wuri da ake kira Sauchrie a yankin Ayr.

Halin da ya tarar da hanyoyi

A wancan zamani babu mota, sai keken doki da amalanke masu ƙafafun katako da aka ɗaure da ƙarfe. Gyaran ƙananan hanyoyi yana wuyan mutanen ƙauye ne. A Ingila doka ta ɗora musu aikin kwana shida a shekara ba tare da biya ba, kuma kowa ya san irin aikin da mutum yake yi idan an tilasta masa. Manyan hanyoyi kuwa an damƙa su ga kwamitoci da majalisar dokoki ta ba izinin kafa shinge su karɓi kuɗi daga matafiya, da sharaɗin su gyara hanyar da kuɗin.

Kuɗi ana karɓa, amma hanya tana nan jiya i yau. Idan rami ya buɗe sai a kawo manyan duwatsu da ƙasa da yumɓu a zuba a ciki. Ruwa ya sauka, yumɓu ya jiƙe, ƙafar keke ta ture dutsen gefe, rami ya dawo ya fi na da. A tsakiyar ƙarni na 18 tafiya daga Landan zuwa Edinburgh takan ci kwana 10 ko fiye. Kwamitoci da yawa bashi ya yi musu katutu, kuma sau da yawa wanda aka ba aikin duba hanya ɗan'uwan wani ne ko tsohon baran wani babba, bai san komai game da aikin ba.

McAdam ya shiga kwamitin hanyoyin yankinsu jim kaɗan bayan dawowarsa, ya fara gwaje-gwaje a hanyoyin da ke kusa da gonarsa da kuɗin aljihunsa. A lokacin kuma yana da hannu a wani kamfani mai tatso baƙin mai daga kwal. Abin mamaki, sunan wannan baƙin mai a Turanci shi ne asalin kalmarmu ta kwalta, amma McAdam bai taɓa zuba shi a hanya ba. A zamaninsa jiragen ruwa ake shafa wa shi. Kasuwancin bai yi masa kyau ba. A tsakiyar shekarun 1790 dole ta sa ya sayar da Sauchrie, a 1798 ya koma Falmouth a kudancin Ingila yana aikin samar wa jiragen ruwan yaƙi abinci, daga baya ya zauna a Biristol.

Shekara goma sha shida a bakin hanya

Wani da ya yi asara irin wannan zama zai yi a ɗaki yana zulumi. McAdam mutum ne da zaman ɗaki bai karɓe shi ba. Duk sararin da ya samu, sai ya ɗaura wa doki keke ya kama hanya. Ruwa ko sanyi ba sa hana shi. Yakan sauka ya taka hanya da ƙafa, ya sa a tona masa ya ga abin da ke ƙarƙashi, ya tsaya da masu fasa dutse da masu tuƙa keke ya tambaye su, sannan ya nemi sanin nawa ake karɓa a shinge, nawa ake kashewa. Duk abin da ya gani sai ya rubuta.

Bisa lissafin da ya gabatar wa majalisa daga baya, tsakanin 1798 da 1814 ya yi tafiyar da ta haura mil 30,000, kimanin kilomita 48,000 ke nan, fiye da zagaye duniya sau ɗaya. Ya kwashe kwana kusan 1,900 a kan hanya, ya kashe fiye da fam 5,000 na kansa. Ba wanda ya aike shi, ba wanda ya yi masa alkawarin biya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma da wannan gani ne ya zo da abin da masana ba su zo da shi ba.

Abin da ya gano

Manyan injiniyoyin zamanin, irin su Thomas Telford, wanda shi ma ɗan Sikotilan ne, suna shimfiɗa wa hanya harsashi na manyan duwatsu da aka jera da hannu ɗaya bayan ɗaya. Hanyoyinsu suna da ƙarko, sai dai suna cin kuɗi da lokaci, suna kuma buƙatar ƙwararrun magina. McAdam ya ce ƙasar da ke ƙarƙashin hanya ita ce take ɗaukar nauyi, kuma muddin tana bushe za ta ɗauki duk abin da aka ɗora mata. Kowane ɗan kasuwar da ya bi hanyar burji ya san gaskiyar wannan. Wurin da tirela take wucewa lafiya a watan Maris, nan ne jaki yake nutsewa a watan Agusta. Ƙasar ɗaya ce, ruwa ne ya shige ta.

Don haka aikin mai gina hanya, a wurinsa, shi ne ya raba ƙasa da ruwa. Ya tsara abin kamar haka. Da farko a ɗaga hanya ta fi filin da ke gefenta tudu, a haƙa lambatu hagu da dama. Sannan a yi mata ɗan doro a tsakiya don ruwa ya gangara, amma kaɗan: a hanya mai faɗin ƙafa 30, kimanin mita 9, tsakiyar ta fi gefe da inci 3 kawai. Ya lura cewa idan doron ya yi yawa, kowa tsakiya yake bi don tsoron kifewa, sai ƙafafu su haƙa kwari biyu da ruwa zai kwanta a ciki. Bayan haka a rufe ta da fasasshen dutse mai kaurin inci 10, kimanin santimita 25, a zuba shi kashi-kashi, kowane kashi ya danne kafin a ƙara wani.

A kan girman dutsen ne ya fi tsanantawa. Kada ɗaya ya wuce nauyin giram 170, kuma ya iya wucewa ta cikin zobe mai faɗin inci 2. Masu duba aiki suna yawo da ɗan sikeli a aljihu. Lebura kuwa an ba shi ma'auni mai sauƙi: dutsen da ba zai shiga bakinsa ba ya yi girma. Dalilin shi ne faɗin ƙarfen ƙafar keke bai wuce inci 4 ba. Idan ta hau babban dutse sai ta ture shi ko ta tuge shi, idan kuwa ƙarami ne sai ta danna shi cikin 'yan'uwansa. Ya kuma hana tsakuwar rafi mai sulɓi, don ita mirginawa take yi. Dutsen da aka fasa da guduma yana da kaifi da kusurwa, kowane yana cije na kusa da shi, har su zama kamar faifai ɗaya da ruwa ba ya ratsawa. Yumɓu da ƙasa kuwa ya hana a haɗa da su sam, tunda su ne masu shan ruwa.

Wannan tsari ya zo da sauƙi biyu. Na farko, sau da yawa ba a buƙatar sayen sabon dutse. Sai a tone tsohuwar hanya, a fito da manyan duwatsun da aka yi shekaru ana zubawa a banza, a farfasa su a mayar. Na biyu, fasa dutse da ƙaramar guduma aiki ne da ake yi a zaune, don haka tsofaffi da mata da matasa suka samu abin yi, ana biyan su gwargwadon abin da suka fasa.

Aiki ya zo yana da shekara 59

Sai a farkon 1816 aka ba shi dama ta sosai, lokacin da kwamitin hanyoyin Biristol ya naɗa shi babban mai duba hanyoyinsa. An damƙa masa mil 149, kimanin kilomita 240, kusan nisan Damagaram zuwa Kano. Yana da shekara 59, shekarun da wasu suke miƙa wa 'ya'ya makullin shago. Cikin 'yan shekaru hanyoyin suka gyaru, kuɗin da ake kashewa ya ragu, bashin kwamitin ya fara sauka. A 1816 ya fitar da littafi a kan yadda ake gina hanya, ya ƙara wani a 1819, ya kuma ba da bayani a gaban kwamitocin majalisa fiye da sau ɗaya.

A nan ne tarbiyyar kantin baffansa ta fito. Bai tsaya ga dutse da lambatu ba. Ya nace cewa a ɗauki masu duba hanya da suka san aikin, a biya su albashin da zai hana su haɗa baki da 'yan kwangila, a sa wani a kansu da zai bincike su, kuma kowane sisi da aka karɓa a shinge a rubuta inda ya tafi. Ya kuma ce gyara ba ya jiran hanya ta mutu. A ajiye mutane a kanta kullum, suna share lambatu, suna cike ƙaramin rami tun bai zama babba ba. A lokacin gwamnati tana ta kafa dokoki a kan faɗin ƙafar keke da yawan dawakin da za su ja shi, don a kare hanya. Shi kuwa ra'ayinsa shi ne a gina hanyar da za ta iya da masu bin ta.

Wannan magana ta jawo masa abokan gaba, domin akwai masu ci daga lalacewar hanya. An zarge shi da cewa ba shi ya ƙirƙiro tsarin ba, kuma gaskiya ne wasu sun yi amfani da fasasshen dutse kafin shi, a Faransa da wasu wurare. Abin da ya yi shi ne ya tace abin, ya mayar da shi ƙa'ida mai sauƙi da arha da kowane ƙauye zai iya bi. Da ya nemi majalisa ta mayar masa da abin da ya kashe, an daɗe ana ja-in-ja kafin a biya shi.

Duk da haka aikin ya yaɗu. A 1823 aka gina hanya ta farko a kan tsarinsa a Amurka, a jihar Maryland. Faransa da sauran ƙasashen Turai suka ɗauka. Gwamnati ta naɗa shi babban mai duba hanyoyin yankin Landan. Kafin rasuwarsa, keken doki mai ɗaukar wasiƙu yana zuwa Edinburgh daga Landan cikin ƙasa da kwana biyu, albarkacin aikinsa da na Telford da ire-irensu. Sunansa ya zama sunan hanyar kanta, har yau kuma wanda ya yi makarantar Faransanci a cikinmu ya san kalmar macadam.

Uba da 'ya'yansa

McAdam bai yi wannan aiki shi kaɗai ba. Da kira ya yi yawa daga garuruwa, 'ya'yansa maza uku, William da James da John, suka bar abin da suke yi suka bi shi bakin hanya. Daga baya jikoki huɗu suka shiga sana'ar. Ya koya musu yadda ya koya, wato da taka hanya da tona ta. Akwai lokacin da gidan McAdam yake kula da hanyoyin kwamitoci gommai a faɗin Birtaniya, har masu suka suna cewa gida ɗaya ya mamaye aikin. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma mu ma mun san ta a kasuwanninmu. Abin da ya kare su shi ne hanyoyin da suka gina suna nan kowa yana bi, littattafan kuɗinsu kuma a buɗe suke.

Gloriana, wadda ta biyo shi daga Niyok ta zauna da shi a wadata da rashi, ta rasu a 1825 bayan aure na shekara 47. Ya sake aure a 1827. Da aka so a ba shi sarautar girmamawa ta Sir, sai ya ƙi karɓa saboda tsufa, aka ba ɗansa James a 1834. Uban da ya ga an ɗaukaka ɗansa a sana'ar da ya koya masa, ya samu abin da ya fi lambar.

Ko da ya tsufa yana zaune a Hoddesdon kusa da Landan, duk bazara sai ya kama hanya zuwa Sikotilan ya ga tuddan da ya tashi a cikinsu. A kan hanyar dawowa daga irin wannan ziyara ce ajali ya same shi a garin Moffat, ranar 26 ga Nuwamba 1836, yana da shekara 80. A can aka binne shi.

Bayan rasuwarsa jirgin ƙasa ya ƙwace wa hanyoyi ciniki na wani lokaci. Da mota ta zo, tayar roba mai gudu ta riƙa tsotse ƙurar da ke riƙe da duwatsun, hanya ta riƙa warwarewa. A 1902 wani Bature mai suna Edgar Hooley ya yi rajistar dabarar cakuɗa fasasshen dutsen da kwalta. Yau abin da ake zubawa galibi daga ɗanyen man fetur ake samunsa, amma abin da ke ƙarƙashinsa bai sauya ba: busasshiyar ƙasa, fasasshen dutse, doro da lambatu.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, ba mu kawo wannan tarihi don a yi mamakin Bature ba. Mun kawo shi ne don tambayoyin da ya yi shekara 200 da suka wuce su ne namu a yau, ko ta Konni da Illela mutum yake bi, ko ta Dan Isa da Jibiya, ko ta Matamai da Daura. Muna biya a shinge, muna da haƙƙin tambayar inda kuɗin ya tafi. Amma McAdam bai je gaban majalisa da kuka kawai ba. Ya je da takarda: wuri kaza, rana kaza, kuɗi kaza. Shi ya sa aka saurare shi.

Don haka ofishin ƙungiya yana roƙon kowane direba da kowane mai kaya, daga wannan damina, idan ka tarar da inda ruwa yake kwanciya a kan kwalta, ko kwalbatin da ya toshe, ko gefen hanya da ya fara zaizayewa, ka rubuta wurin da ranar, ka ɗauki hoto da wayarka, ka kawo mana. Haka kuma rasit ɗin duk abin da ka biya a hanya, kada ka yar. Za mu tara su a littafi guda, domin ranar da shugabanninmu za su zauna da hukumomi a kowane ɓangare na iyaka, su je da hujja a hannu.

Sannan mu dubi namu laifin. Lambatun da ke gaban rumfunanmu da tashoshinmu, wa yake cika su da leda da ɓawon albasa? Ruwan da ya rasa hanyar wucewa ƙarƙashin kwalta yake shiga. Kuma keken dokin zamanin McAdam ba ya ɗaukar ko kusa da abin da tirela take ɗauka a yau. Idan muka ɗora wa mota fiye da ƙa'ida don mu rage kuɗin tafiya ɗaya, ribar ta mutum ɗaya ce, ramin kuwa na kowa ne, har da shi mai lodin a dawowarsa.

Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya, ya kiyaye matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwa.

Daga ofishin magatakardan ƙungiya